Daren final ɗin The Voice na 2017: ina kuka kalla, me ya same ku?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum mutanen Damagaram. Jiya ina kwashe tarkace a ɗakin tsohuwarmu sai na ci karo da tsohuwar dekodarmu duk ta sha ƙura, wallahi sai daren nan ya faɗo mini a rai, daren final na gasar waƙa ta The Voice Afrique Francophone na farko, Asabar 4 ga Fabrairu 2017 a tashar VoxAfrica. Tun Oktoba 2016 muke bin abin nan a fadarmu, mu da ba mu da aiki sai shayi da belot, har fada ta rabu gida huɗu kamar yadda koc ɗin, wato alƙalan da ke horar da masu waƙar, suke: masu A'salfo su ne suka fi yawa saboda ƙungiyar waƙarsa Magic System, sai masu Charlotte Dipanda (waɗannan ba don murya ba ne, mun san su), sai masu Singuila, ni da mutum biyu kaɗai muke bayan Lokua Kanza ana ta yi mana dariya wai mun zaɓi dattijo mai magana kamar ana tashinsa daga barci. To ƴar wajensa ce ta ci, Pamela Baketana ƴar Kongo Kinshasa. Amma abin haushin, ban ga lokacin da aka faɗi sunanta ba. Sukari ya ƙare a shayi na uku, ni ne ƙarami aka aike ni butik, ina tsaye mai butik na neman canjin dala ashirin sai na ji ihu daga lungunmu. Wata huɗu ina jira, sukarin dala goma ya raba ni da ita. Kowa ya ba da nasa, ina kuke a daren?

Mai Gidan Kallo:
Kai ƙanena kai sukari kaɗai ya dame ka, ni daren nan saura kaɗan a ƙone mini rumfa. Kun manta ranar ce Burkina da Ghana suke buga neman na uku a kofin Afirka na Gabon? Ƙarfe takwas aka take bal. Ni kuma tele ɗaya gare ni babba a lokacin, nan Sabon Gari, kuma na riga na yi wa ɗalibai alkawari tun ranar Laraba cewa waƙa za a sa. Sai ga ƴan bal sun cika benci tun magariba kowa ya biya dala goma, su kuma masu waƙa suka iso da ƴan matansu, abin da ban taɓa gani ba a gidan kallona, mata a layin gaba. Wani ƙato ya ce in aka taɓa telekomand sai dai a fitar da gawarsa, wata yarinya ta ce masa ai ko gawarka ma sai ta ji waƙa yau. Dole na ruga gida na ciro ƴar ƙaramar telen matata, na ari dekodar maƙwabci, na jona a waje jikin garu, masu bal ciki masu waƙa waje cikin sanyin hunturu da hazo. Gurup ɗina, wato injin wuta, kuwa ƙarami ne, duk sanda ya ja numfashi sai tele biyun su yi duhu tare, a zage ni ciki a zage ni waje. Kwalba huɗu ta esansi ya sha a daren. Da Alain Traoré ya zura wannan bugun tazarar ana dab da tashi, ihun ciki ya sa na waje suka zabura suna tambaya wa aka cire wa aka cire. Washegari Kamaru ta doke Masar 2-1 a final, na samu kuɗi fiye da na Asabar sau nawa, amma wallahi daren Asabar ɗin nake tunawa. Matata kuwa sati guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba, don ita ma kallon take so na ɗauke mata tele.

Ɗan Birni:
Hhhh yaya ashe kai ne mai tele a jikin garu, labarin ya iso Birni tun a lokacin.

Maman Biyu:
Ku maza kuna maganar bal da sukari. Mu a Garin Malam kwana uku pompo bai zo ba, kun san halin garin nan da ruwa, ƴan garuwa sun tsawwala kuɗi, tuluna duk sun bushe. Mun taru mu bakwai a ɗakin kishiyar yayata don ita ke da abonema, an dafa dambun zogale an kawo gyaɗa, yara an kwantar. Ana tsakiyar abu sai muka ji pompon tsakar gida yana tari, kho kho, alamar ruwa na tafe. Wallahi ɗakin ya yi tsit muna kallon juna. Wa zai tashi? In ka tsaya kallo ruwa ya ɗauke sai kuma Allah ya kai mu jibi. Sai muka yi dabara, aka buɗe taga aka juya tele ta fuskanci tsakar gida, aka ƙure murya, muka jera bido da bokitai muna tara ruwa muna leƙe. Ni na kalli final ɗin nan da tiyo a hannu zanena jiƙe sharkaf cikin wannan sanyin, kwana biyu ina mura. Da aka faɗi wadda ta ci wata ta saki bokiti a ƙafar uwar gida, aka yi ta guɗa kamar an kawo amarya, maƙwabta suka aiko yaro wai haihuwa aka yi?

Ɗan Kabu-kabu:
Ni dai ban kalla ba, ina kan moto. Abin da na sani daga Kasuwar Dole har tasha babu fasinja a wannan lokacin sai wani tsoho da akuya. Duk shagon da ke da tele ka ga kawuna. Na koma gida da jaka guda ko kuɗin mai bai fita ba.

Ƴar Zango:
Nawa labarin na kakata ne, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Iya ba ta jin faransanci ko bonjur, kuma idonta ya riga ya yi rauni, tele a wurinta haske ne kawai ke motsi. Farkon gasar ta riƙa yi mana faɗa wai mun zauna muna kallon masu tsalle-tsalle. Sai na yi mata bayanin yadda ake yi, cewa alƙalan juya baya suke yi ba sa ganin mai waƙa, murya kaɗai suke ji, in ta yi musu sai su danna kujera ta juyo. Sai ta yi shiru ta ce to ai waɗannan irina ne, matso mini da tabarma. Daga ranar ba ta ƙara fashi ba. Ba ta san sunan kowa ba, ita ta raɗa musu nata: akwai Mai Kukan Kanari, akwai Ɗan Maƙoshi, akwai wata da take ce wa Mai Tsoron Allah don wai in tana waƙa kamar roƙo take. In mutum ya cika ihu sai ta ce wannan da maƙogwaro yake yi, waƙa daga ciki take fitowa, shi ya sa Ma'azu Ɗan Alalo in ya buɗe baki a ƙofar fada ba ya buƙatar ya yi kururuwa. Daren final tun waƙar farko ta nuna Pamela da sandarta ta ce yarinyar nan ce, ku kashe ku kwanta kada ku ɓata kuran. Mu muna ta musu, ni ina bayan wata daban har da kuka. Iya ta yi isha'inta ta kwanta abinta. Da safe ina kawo mata koko ban ce komai ba, ta kalle ni ta ce fuskarki ta gaya mini, zuba sukari.

Maman Biyu:
Allah ya jiƙan Iya. Ƴar uwa kin sa ni hawaye da rana tsaka.

Etidiya:
Amin. Ni kuma bari in faɗi wautata. Ina shekarar farko a jami'ar nan tamu, tun ba a sa mata sunan André Salifou ba. An ce jama'a ke zaɓe ta waya, sai na ɗauki abin kamar zaɓen shugaban ƙasa, kuɗin fotokopi na jaka biyu na zuba kiredi na yi ta tura mesaji, reso na hawa yana sauka, wani ya tafi wani ya maƙale, kiredi dai ya ƙare tas kuma har yau ban sani ba ko ƙuri'a ɗaya tawa ta isa. Na ari wayar abokin ɗakina ma na cinye masa nasa. Sati biyu ina cin gari da ƙuli. Amma ni abin da na gane daga baya, in dai ƙuri'ar waya ce to ƙidayar mutane ake yi da aljihunsu. Kongo Kinshasa ta ninka mu yawa sau nawa, Kamaru da Kodibuwa sun fi mu masu kuɗin zubawa a kiredi. Ko da mala'ikan murya muka tura daga nan, wa zai yi masa ruwan mesaji?

Ɗan Birni:
A'a malam ban yarda ba. In yawa ne, ya aka yi Victoire Biaku ɗan Togo ya ci karo na biyu a 2018? Togo fa ko rabinmu ba su kai ba. Kada ka rage wa yarinyar nan, ta iya waƙa.

Etidiya:
Ban ce ba ta iya ba. Ƴan Togo sun tashi tsaye ne a kan nasu, mu kuwa sai mu yi ihu a fada, in an ce kawo dala arba'in kowa ya shiga lalube aljihu.

Tsohon Ɗan Samariya:
Yara kun ba ni dariya kun kuma tayar mini da tsohon mikin. Ni ma na kalla, a gidan ɗana a Tudun Jamus, jikoki suka zaunar da ni dole. Na yaba, fitilu da makaɗa da komai tsaf, a Afirka ta Kudu aka ɗauka, kuma mai gabatarwar Claudy Siar na san muryarsa tun a rediyo. Amma ina zaune ina tunanin zamanin shugaba Kunce, lokacin festibal na samari, da kowace jiha ke fitar da ƴan waƙarta da ƴan rawa da ƴan wasan kwaikwayo a je a kara. Wata biyu muna repetisiyo da dare bayan kowa ya taso daga aiki, babu ko sisi, sai goro da shayi. Unguwa guda tele ɗaya, baƙi da fari, a ɗora ta kan tebur a fili a jona da batirin mota, in ƴan Damagaram suka fito a Tele Sahel mata su yi ta guɗa kamar masu waƙar na jinsu. Waƙar da Hausa ce, da Barbarci, da Zabarmanci, tsohuwa ta ji abin da ake faɗa ta ce an yi ƙarya ko an yi gaskiya. Daga baya aka zo da gasar Ɗan Gurmu a Tawa, nan ne makaɗan zamani da yawa na ƙasar nan suka fara fitowa. To a daren nan na 2017 jikata tana tsalle tana kuka a kan yarinyar da ba ta san garinsu ba, ba ta jin rabin abin da take faɗa, na tambaye ta waƙa ɗaya ta garin nan da ta iya daga farko har ƙarshe, ta ce Baba don Allah ka bari ana faɗin sakamako. Na bari. Ban ce laifinta ba ne, ita abin da aka kunna mata ta gani. Yanzu abin da ya rage mana da ke tara gari gaba ɗaya gaban tele da sunan jiha sai kokowa, ranar da ake neman takobi ko ɓarawo hutu yake.

Ƴar Zango:
Baba gaskiya ne, amma mu ma da an sa mana namu da irin wannan fitilun da mun yi kukan a kansu. Iya ma ai ba ta tambayi garin yarinyar ba.

Tsohon Ɗan Samariya:
Haka ne ƴata. Iyarku ta fi ni kunne.

Autan Malam:
Ku duk kun ji daɗi kun yi ihu. Mu gidanmu Malam ya hana kiɗa, tele labarai kaɗai da tafsiri. Ni da yayata muka jira ya shiga turaka, muka rage murya har sai ka manna kunne a jikin tele, muka rufa da bargo mu da ita kamar masu turaren jiki. Ana dab da faɗin sakamako sai muka ji takun takalminsa, yayata ta danna telekomand da sauri, maimakon ta kashe sai ta ƙure murya. Jama'a! Malam ya tsaya bakin ƙofa da buta a hannu, mu muna ƙarƙashin bargo, ga tafi na tashi a tele kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce wace ce ta ci? Muka ce ta Kongo. Ya ce to Allah ya shirye ta ya shirye ku, gobe kowa izu guda kafin karin kumallo. Kuma sai da muka biya.

Mai Gidan Kallo:
Hhhhh Malam ma yana bi a ɓoye, rantse.

Ɗan Birni:
Wallahi cikina ya ƙulle. To tunda an taru, ƴan fadarmu na san kuna karantawa kun yi lamo, masu A'salfo da muka yi da ku a gaban shaidu cewa in ta Lokua ta ci za ku saya mana kaji biyu gasassu da lemu, har yau ko ƙashi ban gani ba. Ɗayanku yanzu har mota gare shi. Ina nan Birni gidan da kuka sani, bayan la'asar.