Neman kalma: me za mu kira "standby" da "wake" a saitin BIOS, manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana rubuta bayanin gyaran kwamfutar da ta shiga standby ta ƙi dawowa, an zo an cije a kan kalmomi biyu, standby da wake. "Barci" da "tashi" ne suka fara zuwa baki, amma "tashi" tana da aikinta tuni: in mai gyara ya ce kwamfuta ta ƙi tashi, nufinsa an danna maɓalli ba ta kawo wuta ba. Masana a taimaka.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, barcin ma ba iri ɗaya ba ne. Ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta ta ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ta raba shi hawa-hawa. A S3 komai ya tsaya, har fanka, RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, kaɗai ke riƙe da wuta da aikin da ka bari a buɗe. A S4 ana kwashe abin da ke RAM a zuba a faifai, cikin fayil ɗin hiberfil.sys, sannan a yanke wuta. S5 kashewa ce. Ni dai S3 nake kira barci, S4 kuma suma, dawowa daga ita farfaɗowa. Bambancin yana fitowa ranar da aka ɗauke wuta ga kwamfutar tebur marar UPS: mai barci ta yi asarar aikinta, wadda ta suma kuwa za ta farfaɗo da kayanta cif.

Malama mai koyarwa: Na yarda da barci da suma, amma standby kanta ina ganin "ko-ta-kwana" ce, kamar yadda ake cewa an sa jami'ai cikin shirin ko-ta-kwana. Dalilina shi ne wurin gyara ba abin da ya yi barci muke bincika ba, abin da ya kwana ido biyu muke nema. A babbar mahaɗar ATX mai fil 24, wadda ke kawo wuta daga tukunyar wuta (power supply) zuwa babban allon kwamfuta (motherboard), fil na 9, waya mai launin shunayya, ita ce 5VSB, wato volt 5 na standby. Muddin kwamfuta na jone da soket, wannan layin yana ba da volt 5 ko da an kashe ta, kuma shi ke ciyar da ramukan USB da katin intanet su ji kiran da za a yi musu. A ɗora mita tsakaninsa da baƙar waya: in ya sauka ƙasa da 4.75, a bar wahalar da BIOS, tukunyar wutar ce ta gaji. Wannan layi "wutar ko-ta-kwana" ya dace da shi ƙwarai.

Bakanike: Madalla, Malama, na karɓa. Ga gwaji a jimla: "ErP na yanke wutar ko-ta-kwana." Ta zauna daram. Saitin ErP ya samo asali ne daga dokar Tarayyar Turai ta rage shan wutar na'urar da aka kashe, shi ya sa in an kunna shi allo ke hana USB da katin intanet wuta a S4 da S5, ko a S5 kaɗai. Barcin S3 bai cika shafa ba.

Mai haɗa netwok: Wake kuma "farkawa" ce in kwamfutar ake nufi, "farkarwa" in ana maganar abin da ya taɓa ta. Wake on LAN sai ya zama farkarwa ta waya, wato ta wayar netwok. A BIOS na allon ASUS a shiga Advanced, sai APM Configuration, a kashe ErP Ready, a kunna Power On By PCI-E. A MSI a nemi Wake Up Event Setup, a kunna Resume By USB Device don linzami da madannai. BIOS kaɗai ba ta gama aiki: a Device Manager na Windows sai an ba na'urar izini a shafin Power Management. Umarnin powercfg /devicequery wake_armed zai jero masu izinin farkarwa, powercfg /lastwake kuma zai tona wanda ya farkar da ita da tsakar dare. A kashe Fast Startup na Windows ma, don yana mayar da kashewa rabin suma, Windows kuma ba ta yarda da farkarwa ta waya daga wannan hali.

Malama mai koyarwa: Saura sababbin laftof. In an buga powercfg /a aka ga S0 Low Power Idle babu S3, to wannan ba barci take ba, "gyangyaɗi" take: ba ta bar S0, wato halin kunne, ba, shi ya sa wani lokaci za ka ciro ta daga jaka da ɗumi, batir ya zube.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. An rubuta gyangyaɗi, barci, suma, farkawa, farkarwa da wutar ko-ta-kwana. Tambaya ɗaya: a gyara saitin yau, gobe bayan ɗauke wuta ya koma yadda yake, mene ne?

Bakanike: Batirin CR2032 ne na kan allo, Malam. Volt 3 ya kamata ya ba da. In agogon BIOS ma yana komawa baya, a canza shi, a sake saitin, a danna F10 don adanawa.