Ana yi wa ɗana barazana da hotonsa: in biya ko in kai ƙara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Tawa nake, ku yi mini uzuri ba zan faɗi sunana ba. Yau kwana uku ban runtsa ba.

Ɗana na fari shekararsa 15, bana zai zana jarabawar BEPC. Babansa yana Abijan wajen nema, shi ya aiko masa da waya don su riƙa gaisawa. Makon jiya na ga yaron ya bar cin abinci, ya bar fita ƙwallo, waya na yin ƙara sai ya zabura. Sannan na nemi jika 10 na adashi da na ajiye, na rasa. Kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, balle in zaunar da shi. Sai na sa ƙanena ya tambaye shi. A gabansa ya fashe da kuka.

Wata ce ta neme shi da abota, da hoton yarinya tsararsa, wai a Yamai take. Kwana biyu suna hira, ta aiko masa da hoto, ta ce shi ma ya aiko nasa ba tufafi. Yana aikawa magana ta juya. Aka jero masa sunayen 'yan ajinsu har da na goggonsa, aka ce jika 50 ko kowa ya gani. Ya tura jika 10 ɗin nan. Yanzu sun ce sauran kafin Juma'a.

Ina da 'yan kunne da zan iya sayarwa. In biya a rufe zancen? In gaya wa babansa? Mutum ne mai zafi. Hukuma kuma ina tsoron magana ta zaga gari.

Wani malamin makaranta, Yamai:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, bar 'yan kunnenki inda suke. Jika 10 ɗin da ya tura ita ta nuna musu akwai abin tatsa, in kin ba da 40 gobe za su ce 100, hoton kuma yana hannunsu. Babu wata yarinya, sana'a ce ta 'yan damfara, mutum guda yana riƙe da yara da yawa a lokaci ɗaya. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya kan wannan aikin. Kafin a toshe su, kawunsa ya ɗauki hoton duk hirar, da sunan shafin, da lambar da aka tura wa kuɗi, ya adana rasiɗin. Daga nan kada a sake amsa musu ko da kalma ɗaya. A kai ƙarar shafin, a toshe, a ɓoye jerin abokan yaron. Hoton kansa kada a tura wa kowa, ko da ɗan'uwa ne.

Wata uwa, Tawa:
Allah ya rufa asiri. Ni dai da ni ce yau zan ƙwace wayar in kira babansa. Yaro da sata da irin wannan hoto, sai an nuna masa kuskurensa.

Ma'aikaciyar asibiti:
Yaya, ki yi haƙuri, ban bi ki nan ba. Faɗa yana da ranarsa, ba yau ba. Yaron nan zaluntarsa aka yi, kuma tsoron duka da tonon asiri ne ya sa ya ɗauki kuɗi maimakon ya buɗe baki. A 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a Mishigan ta Amurka ya kashe kansa 'yan sa'o'i bayan an fara yi masa irin wannan barazana. 'Yan'uwa biyu daga Legas aka kama, aka kai su can, a 2024 aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi. Ke kuma uwar yaro, ba don in tsorata ki na kawo ba, 'yar'uwa. Yaron da ya bar abinci kwana da kwanaki, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, a kawar da magunguna daga inda hannunsa zai kai. Kuma ki daure ki ajiye kunyar nan na dare ɗaya. Kawu ya yi nasa, amma daga bakinki yake jiran ya ji ba ki yar da shi ba. In ya ambaci mutuwa ko sau ɗaya, a kai shi asibiti ranar.

Ɗalibin shari'a, Yamai:
Inna, ƙasar nan tana da doka kan laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019. Ku je kwamisariya ko wajen jandarmomi ke da ƙanenki, ku nemi masu kula da al'amuran ƙananan yara, ku roƙi a saurare ku a keɓe. Lambar da ta karɓi kuɗin ita ce bakin zaren, tunda da takardar shaida ake rajistar layi. Sannan akwai wani shafin intanet mai suna Take It Down, kyauta ne, na NCMEC, cibiyar kare yara ta Amurka, don 'yan ƙasa da shekara 18. Hoton ba ya barin wayar, wata alama ce ake cirowa daga gare shi, Facebook da Instagram da TikTok su riƙa tare shi in an yi ƙoƙarin ɗorawa. Ba ya kama abin da aka tura ta WhatsApp, shi ya sa ƙarar ba ta da madadi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan isha'i na shiga ɗakinsa da kwanon fura. Ban iya dogon zance ba, na ce masa kuɗin na yafe, kuma babu abin da zai raba ni da shi. Ya sha, karo na farko tun Lahadi. Ƙanena ya adana hirar, ya toshe su, a ɗakin yaron ya kwana. Gobe da safe za mu kwamisariya. Babansa ne har yanzu ban san ta inda zan ɓullo masa ba. Wadda mijinta ke nesa kuma ta taɓa isar da irin wannan labari ta waya, don Allah ta faɗa mini da me ta fara.