Mutum ɗaya ya shigo da kamfani uku wajen neman kwangila, ina zan kai kuka?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Dan Allah masu sanin harkar kwangilar gwamnati ku ba ni haske, abin nan ya tsaya min a rai ko barcin kirki ba na yi. Ina da ɗan ƙaramin kamfanin gini a nan Zariya, yawanci aikin mutane nake yi, katanga, sokawe, rufin kwano. Watannin baya wata ma'aikatar gwamnatin tarayya ta fitar da tallar gyaran ajujuwa huɗu, na ce bari ni ma in gwada sa'ata. Na sha zarya wlh, takardar biyan haraji ta shekara uku, ta fansho, ta ITF (asusun horar da ma'aikata), ta NSITF (asusun inshorar ma'aikata), rajistar BPP (hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya), sai da na sayar da raguna biyu da nake kiwo kafin takardu su cika.

Ranar buɗe takardun neman kwangilar muka zauna a ɗakin taro, ga akwatin katako da kwaɗo a jikinsa, aka buɗe a gabanmu ana ɗauko ambulan ana karanta sunan kamfani da kuɗin da ya sa. Kamfani shida ne. Abin da idona ya gani shi ne wani yaro guda ya sa hannu a rajistar halarta har sau uku da biro ɗaya, kowane layi da sunan kamfani daban, kuma ambulan ɗin ukun iri ɗaya ne har salatif ɗin da aka liƙe su da shi. Kuɗin da na sa bai kai nasu ba amma ɗaya daga cikin ukun aka ba, yau sama da wata biyu kenan, ba wanda ya ce min ga laifin takarduna. Jiya na bi ta wajen, fenti kawai aka shafa a kan tsohon filasta, silin da ruwa ya ci yana nan ya yi ciki a saman kawunan yara. Wai akwai doka a kan wannan kuwa?

Injiniyan Samaru:
Wa alaikumus salam Malam. Doka kam akwai ta, ita ce dokar bada kwangila da sayen kayan gwamnati ta 2007 wadda marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ya sa wa hannu, ita ta kafa BPP. Abin da ka gani ɗin nan, mutum ɗaya ya jera kamfanoni suna takarar ƙarya da junansu, sashe na 58 ya ambace shi cikin laifuka tare da haɗa baki da karɓar na goro. Hukuncin ba wasa ba ne, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 babu zaɓin tara, ma'aikacin da aka kama da hannu ciki ɗauri da kora, kamfani kuma tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin kwangilar sannan a hana shi aikin gwamnati aƙalla shekara 5.

Amma ka san ba mai arha kawai ake ba wa ba, wanda ya cika dukkan sharuɗɗa ne sannan kuɗinsa ya fi sauƙi, shi ya sa dokar ta ba wanda ya faɗi damar ya nemi a gaya masa dalili. Inda na ji maka ciwo shi ne lokaci, domin ƙorafi ana rubuta shi ne ga shugaban ma'aikatar cikin kwana 15 na aiki daga ranar da ka san abin da ya faru, in bai gamsar da kai ba ka wuce BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya. Kai kuma wata biyu ya wuce, wannan ƙofar ta rufe. Ta ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, a buɗe take. Ka hau shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka binciki sunayen kamfanonin ukun, tun dokar kamfanoni ta 2020 dole ne a bayyana ainihin masu kamfani, in ka ga darakta ɗaya ko adireshi ɗaya to ka samu abin riƙewa.

Baba Mai Ritaya, Kofar Doka:
Yaro, Allah ya mayar maka da alheri. Na yi shekara 30 ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, bari in gaya maka gaskiya, ranar buɗe akwati an riga an gama magana. Ɓarnar tana faruwa ne tun wajen rubuta sharuɗɗa, a ɗinka su daidai jikin ɗan lele kamar tela ya auna shi, a ce sai wanda ya taɓa yin irin aikin sau kaza da injin iri kaza alhali gyaran aji ne. Ko a ɗauki babban aiki a yayyanka shi gunduwa-gunduwa yadda kowane yanki ba zai kai adadin da sai BPP ta ba da takardar amincewa ba, duk a ƙare shi a cikin gida, kuma shi ma wannan yankawar laifi ce a sashen da Injiniya ya faɗa. Ko a ce aikin gaggawa ne don a tsallake talla. Bayan an bayar kuma sai a dawo da takardar ƙarin kuɗi wai kaya sun tashi, nan aringizo yake shiga.

Sai kafin alƙalami. A da kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwangila ne iyakarsa, dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga ƴan kwangila na cikin gida irinku, niyyar mai kyau ce amma in an yi kashe-mu-raba da shi tun a ofis da me za a sayi siminti da rodi? Abin da ya fi ci min rai shi ne mai zuwa duba aiki, mutum ya sa hannu an kammala alhali ƙafarsa ba ta taka wurin ba. Dokar ma ta ce a gayyaci ƴan sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru ɗaya daga ƙungiyar farar hula, ka gan su ranar?

Maman Ƴan Biyu, Sabon Gari:
Baba Allah ya ƙara girma, ni maganar silin ɗin nan ce ta tayar min da hankali don ni malamar firamare ce, na san yadda yake in damina ta sauka, yara su takure a kusurwa ɗaya littattafai duk sun jiƙe. Malam ba sai kana ɗan kwangila za ka yi tambaya ba fa. Dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa dama ya rubuta ya nemi takarda, kuma kwana 7 aka ba su su amsa, ba sai ka faɗi dalilinka ba. Ka nemi takardar da ta lissafa kayan aikin, silin nawa, kwano bandir nawa, taga nawa, sai ka je ka ƙirga da idonka ka ɗauki hoto. BPP na da shafin NOCOPO na bayanan kwangiloli, in kuma aikin jiha ne KADPPA, hukumar kwangilolin jihar Kaduna, ke kula da shi a ƙarƙashin dokar Kaduna ta 2016, ga manhajar Eyes and Ears ta tura hoton aiki. Mu a unguwarmu ko allon da ake kafawa ba a rubuta kuɗin aiki a jiki, sunan kamfani kawai, to ta yaya iyaye za su san an cuce su? Ni da za a ji tawa a tilasta rubuta kuɗin da ranar gamawa da Hausa ɓaro-ɓaro.

Na Kwangila:
Ni dai shawarata ka yi a hankali ɗan'uwa, kana da iyali. In suka gane kai ne ka rubuta ba za ka sake ganin aiki a wurin ba, ko ku haɗu ku biyu uku da kuka faɗi tare ku sa hannu.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba ban ga wani ɗan sa ido ba, mu ne kawai da ƴan kwamiti. Na duba CAC yanzun nan a waya, biyu daga cikin kamfanonin adireshinsu ɗaya ne har lambar shago, na ukun ne bai fito ba ina ga ban rubuta sunan daidai ba. Akwai wani dattijo da muka zauna benci ɗaya ranar shi ma bai samu ba, zan neme shi bayan sallar Juma'a in ji ko zai sa hannu. Injiniya dan Allah in na rubuta takardar neman bayanan zan turo maka ka duba min Turancin kafin in kai ranar Litinin, kuma kwafi biyu zan yi don su buga min tambari a ɗaya in riƙe.