Mayar da kundin digirin dakta littafi: aiki da kamfanin ɗab'i mai zaman kansa

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum malamai. Waɗanda suka taɓa buga littafin tarihi da kamfani mai zaman kansa irin Boydell & Brewer na Ingila, wanda kamfanin James Currey mai buga littattafan nazarin Afirka ya koma ƙarƙashinsa a 2008, don Allah ku faɗa mana yadda abin yake.

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam. Kada ka tura kundin yadda yake, edita ba zai karanta ba. Takardar gabatar da littafin ake fara aikawa: taƙaitaccen bayanin kowane babi, su wa za su karanta shi, me ya bambanta shi da littattafan da ke kasuwa, sai babi ɗaya ko biyu na gwaji. In ya yi musu, su nemi cikakken rubutu su ba masana, galibi biyu, waɗanda ba za ka san sunansu ba. Wannan kan ɗauki watanni. Kana jira, kada ka kai cikakken rubutun wani kamfani.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne babin bitar ayyukan magabata. Masu jarrabawa aka rubuta wa shi, ba mai sayen littafi ba. Cire shi, ka ɗauki abin da ke da amfani ka sa a gabatarwa. Yawancin kamfanonin kalma 80,000 zuwa 100,000 suke so, har da bayanan ƙasan shafi.

Malama Mai Gyaran Rubutu: Gaskiya ne, Malam. Ni abin da ya fi ba ni wahala a rubutun mutanenmu sunaye ne. Babi na ɗaya Usman dan Fodio, na uku Uthman b. Fudi, na biyar Shehu Ɗanfodiyo. Zaɓi ɗaya, ka rubuta jerin sunayen ka haɗa da rubutun. Haka lambobin fayilolin gidan adana takardu na Kaduna, irin SNP (fayilolin Sakataren Lardunan Arewa) da Kanoprof (na Lardin Kano), su zo da tsari guda. Sannan ƙ, ɗ da ɓ: in ba da haruffan Unicode (tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya) ka buga su ba, a shafukan gwaji da ake turo maka kafin bugawa za ka tarar sun koma akwati-akwati. Duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ka amince.

Mai Taswira: Hoto ƙasa da dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto) ba ya fita da kyau a takarda, kuma wanda ya bi ta WhatsApp yawanci ya riga ya lalace. Izinin amfani da hoto ko taswira, nemansa da kuɗinsa yawanci a wuyan marubuci suke, a rubuce kuma ake so.

Malamin Samaru: Na manta da fihirisa, wato jerin kalmomi da lambobin shafinsu a ƙarshen littafi. Sai lambobin shafi sun tabbata ake yin ta, kuma lokacin da ake bayarwa makonni kaɗan ne, don haka tara kalmominka tun da wuri. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, tambayi ko za a fitar da mai bangon takarda, ko a ba wani kamfani a Najeriya izinin bugawa. Mai bango mai kauri don ɗakunan karatu ake yin sa, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibanmu.