"Mutuwa mai yankan ƙauna", ana faɗa wa mai takaba?

Ummu Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa a warware min. Wajen gaisuwa wata dattijuwa ta ce wa matar mamacin "yi haƙuri 'yar nan, mutuwa mai yankan ƙauna ce", sai wata ta ce wai ba a faɗar haka a gidan makoki. Haka ne?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Yankan ƙauna ai shi ne kana cikin sa rai da abu a katse maka, to ba na mata da miji kaɗai ba ne, uwar da ta rasa ɗa ma ana ce mata haka. Ni ban ga aibu ba.

Hajiyar Damagaram: Ɗana ba a ce da aibu ba, amma wallahi a kan mace maganar ta fi zama daram. Wata 4 da kwana 10 tana takaba ba kwalli ba turare ba lalle, ga yara ga dangin miji an fara maganar gado alhali tumunin takaba ne kawai nata in akwai 'ya'ya, ranar da ta fita kuma sunanta bazawara daidai da wadda aka saka, ba mai bambancewa. Wannan ne ke min ciwo.

Almajirin Zazzau: Gaskiya ne Hajiya, kwanakin suna Baƙara aya ta 234, mai ciki kuma sai ta haihu. Ita karin maganar ba ta saɓa wa tawakkali ba, Bahaushe dama yana ba mutuwa hannu da ƙafa, ya ce ta ɗauke, ta raba, ta yi mana sata. Sai dai in hawaye bai bushe ba gara "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri".

Bakatsine: Mu ma fa Hajiya ba a ƙyale mu ba, wanda matarsa ta rasu gwauro ake ce masa, in azumi ya zo 'yan tashe su bi gwagware da waƙa ba ruwansu da dalili.

Hajiyar Damagaram: Shi ai ko sati bai cika ba za a fara cewa ga ƙanwarta nan ta riƙe yaran.

Ummu Sadik: Na gode. Wadda ta hana ɗin ina jin da "mutuwar wani tashin wani" ta haɗa, ita ce kam ba a furtawa gaban mai takaba.