Abin da na tsinta kan Deerling a wajen mai shayi

Daren Asabar a Agege, hira ta ɓarke wajen mai shayinmu kan Deerling, 'yar barewar nan ta wasan Pokémon da ta fara fitowa a wasannin Black da White a 2010. Ƙanena ne ya yi ƙorafin cewa tasa ba ta daɗewa a fagen faɗa.

Manyan 'yan wasan sun ce masa ya yi haƙuri har ta kai mataki na 34, inda take rikiɗa ta zama Sawsbuck. Wani yayanmu ya ce: "Ƙane, kada ka tura ta gaban mai wuta, ko mai ƙanƙara, ko tsuntsu. Jinsin ciyawa ce." Haka ma masu dafi, ƙwari da 'yan dambe, duk harinsu na yi mata illa sosai. Amma harin fatalwa ba ya taɓa ta ko kaɗan.

An fi daɗewa kan Horn Leech, wani hari da take samu bayan ta zama Sawsbuck, kuma ni ma nan na fi gamsuwa. Tana sukar abokin gaba da ƙaho, rabin ɓarnar da ta yi ya dawo mata a matsayin lafiya. In kuma mai baiwar Chlorophyll ce, a kira rana da dabarar Sunny Day, gudunta ya ninka.

Batun launi kuwa ado ne kawai, ƙarfinta ɗaya a kamanninta huɗu da ke sauyawa da yanayin shekara. A Black da White yanayi kan sauya duk wata, don haka mai son farar rigar hunturu ta Sawsbuck ya jira Afrilu, Agusta ko Disamba. Ƙanena ya ce Disamba zai jira.