Muhawara: wai wake ba ya ajiyuwa sai da magani?

Ɗan Dawanau: Salamu alaikum jama'a. Kaka ta yi, kowa na shirin ajiya. Magana ɗaya zan faɗa, wanda ya ga ba haka ba ya kawo hujja: wake ba ya wuce wata uku ba magani. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ta talla, kimiyyar takarda ce. Leda ba guba ba ce, me zai kashe ƙwaron? Kuma tun daga gona yake shigowa da waken, ba daga waje yake zuwa ba balle a ce an rufe masa ƙofa.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rabin maganarka gaskiya ce. Macen ƙwaron tana yin ƙwai a jikin kwanson wake tun yana gona, sannan a jikin ƙwayar bayan an sussuka. Tsutsar na ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki, nan take ci har ta girma. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙwaro mai fiffike mako uku zuwa huɗu ne, mace ɗaya kuma tana iya yin ƙwai sittin ko fiye. Ramin da kake gani a jikin wake ƙofar fita ce, ɓarnar ta riga ta auku. Inda muka rabu shi ne batun abin da zai kashe shi. Ƙwaro numfashi yake yi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. In ka ɗaure leda gam, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye ta, ta sauko ƙasa da kashi 5. Daga nan sai su daina ci, su daina haihuwa.

Malamar Kimiyya: In ƙara a kan na Malam. Ba shaƙewa kaɗai ke kashe su ba, har da ƙishirwa. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta shan ruwa, jikinta ne ke samar da shi lokacin da yake ƙona abinci da oksijin. Babu oksijin, babu ruwa, sai ta bushe. Masu bincike na Jami'ar Purdue a Amurka ne suka nuna haka, su ne kuma suka faro wannan dabara tare da abokan aikinsu a Marwa ta Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, kafin a bazu da buhun PICS, wato wannan mai leda biyu a ciki, a Afirka ta Yamma daga 2007. Darasin nan ana yi wa 'yan ƙaramar sakandare: kunna kyandir, kife kwalba a kai, ka ga ya mutu. Sai dai a aji ake barin sa, ba wanda ke ce wa yaro wannan shi ne rumbun babansa.

Ɗan Dawanau: To Malama, in haka ne me ya sa ake buɗe irin wannan buhu a tarar da gari da ƙwari suna yawo? Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Malamin Gona: Ana tararwa, ban musa ba. Amma a bi a ga ina aka kuskure. Na farko, ba a gwada ledar. Kafin a zuba komai, a cika kowace leda da iska, a riƙe bakin, a danna. In ta sace, ta huje, a ajiye ta gefe. Na biyu, ɗauri. Leda biyu ce a ciki, kowacce kaurin maikiron 80 (bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba), sai buhun saƙa a waje. A zura su cikin juna, a zuba waken a hankali ana girgizawa, a bar kamar taƙi guda a sama. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje. Mai gaggawa sai ya haɗa ukun ya ɗaure da igiya ɗaya, ya ce buhu bai yi ba. Na uku, tsinke da ɓawo da tsakuwa suna huda leda daga ciki, dole a sheƙe waken sosai. Na huɗu, buɗe-buɗe. Duk ranar da uwargida ta kwance ta ɗebi kwano guda, an ba ƙwarin sabon numfashi. Waken ci a ware shi daban.

Na Maraɗi: Kun manta laima. Ɗanyen wake in aka rufe shi ruɓewa zai yi, ya yi fumfuna, ko da ba ƙwaro ko ɗaya. Ana so danshinsa kada ya wuce kashi 13. Wanda ba shi da na'urar awo, ga gwaji: busasshiyar kwalba, a zuba wake kusan sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, a rufe a girgiza, a bar shi minti goma sha biyar. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken rana. Kuma kada a zuba shi da zafin rana a jikinsa, a bar shi ya huce a inuwa. Cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, reshenta na nan Maraɗi, ta yi gwaje-gwaje da dama a kan buhunan nan, har ta ga ƙwaro kan huda ledar ciki wani lokaci. Amfanin ta biyun ke nan.

Jami'ar Lafiya: Ni tambayata ga Alhaji ce: wane maganin? In Sniper ne ko ota-fiya-fiya, sinadarin dichlorvos ne, ba a yi shi don a yayyafa wa abin ci ba. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, aka riƙa samun wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa. Irin waken da Turawa suka ƙi, da shi ake yi mana ƙosai da alala. Alamun gubar: dalalar miyau, gumi, amai, gudawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya.

Ɗan Dawanau: Allah ya kiyaye, Hajiya, ba wannan nake nufi ba. Ƙwayar Phostoxin nake cewa. Ita ai hayaƙi ce, tana fita.

Malamar Kimiyya: Tana fita, shi ne ma matsalar. Ƙwaya ɗaya giram 3 ce, in ta haɗu da danshin iska sai ta saki giram 1 na iskar fosfin. Kafin ta kashe ƙwai da tsutsar da ke cikin wake, sai ta zauna a rufe ruf kwana biyar zuwa bakwai. A buhun saƙa kuwa zurarewa take yi, manyan ƙwari su mutu, ƙwai su tsira, bayan wata guda a sake sakawa. Ka ga ko maganin naka sai da rufin da kake rainawa yake aiki.

Jami'ar Lafiya: Iskar da ta zurare kuma ɗakin take cikawa. Fosfin ba shi da makari. Kada a taɓa yin wannan a ɗakin kwana ko wanda ya haɗa bango da shi, kada a taɓa ƙwayar da hannu tsirara, a naɗe ta a takarda don tokarta kada ta gauraya da wake. Warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi in an ji shi, a fita.

Ɗan Dawanau: Na ji, ga mai buhu biyar ko goma maganarku ta zauna. Ga mai buhu dubu fa? Mai saye sai ya soka ƙarfe ya ɗebo samfur, suka ɗaya ta gama da leda. 'Yan dako jifa suke yi da buhu. Ɓera ma bai san PICS ba. Ga jabu ya cika kasuwa, leda sirara kamar ta burodi.

Malamin Gona: Nan kam ka kama ni, buhun ba na hawa da sauka mota ba ne. Na ajiya ne: a ɗora a kan katako, nesa da bango, ranar sayarwa a juye a buhun kasuwa, a ninke ledar don baɗi, tana iya yin kaka uku. Babban sito kuwa aikin masu lasisin feshi ne, da tamfol marar yoyo da ma'auni. Wanda kuma ba shi da kuɗin buhu, jarka ko duro mai murfi suna yin aiki ɗaya, muddin an cika su maƙil an toshe bakin.

Na Maraɗi: Ko toka. A tankaɗe ta, mudu ɗaya na toka ga mudu ɗaya na wake, a cakuɗa, a rufe saman da kaurin yatsu biyu. Tsofaffi sun daɗe suna yi wa iri haka.

Ɗan Dawanau: To a yi ta a fili. Wake ɗaya, buhu biyu, ɗaya na saƙa da ƙwayar Phostoxin, ɗaya naku, Malam ya ɗaure da hannunsa. Watan Mayu a buɗe, a ƙirga ƙwayar wake ɗari-ɗari a ga masu rami nawa.

Malamar Kimiyya: A yi uku, Alhaji. Na ukun buhun saƙa, wake kawai ba magani a ciki, in ba haka ba ba za mu san waken na da ƙwaro tun farko ba.